Jirgin da Ya Tsaya a Ƙauran Namoda, da Tambayar Wa Zai Gyara Tarago

Maƙalar wannan mako daga Bodinga ta fito, kuma kan jirgin ƙasa za ta yi magana. Mun san akwai wanda zai yi murmushi, domin duk faɗin jihar Sakkwato ta yau babu taku ɗaya na layin dogo. Jirgin sama ma ya riga na ƙasa zuwa wajenmu, ga filin jirgi na Sultan Abubakar III nan kan hanyarmu ta shiga birni. Daga Sifawa zuwa Bodinga, daga Bodinga zuwa Shagari, jirgin ƙasan da ya taɓa ratsa lungunanmu shi ne wanda yara ke ƙerawa da hannunsu.

Kowa ya san irinsa. Bayan kaka, idan kara ya bushe, yaro zai samo sille ya fere ɓawon, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soke su da juna har siffar mota ta fito. Wanda ya fi wayo sai ya bi bola ya tattaro gwangwanayen madara da na kifi, ya huda su da ƙusa, ya ɗaure da waya ɗaya bayan ɗaya, ya yanko tayu daga tsohon silifa ko ya sa murfin kwalba. Shi ke nan an samu kan jirgi da taragai, a ja da zare ana busa da baki. Abin lura a nan shi ne, idan taya ta fita ko waya ta tsinke, jirgin ba ya kwana a lalace. Wanda ya ƙera shi ne mai gyara, kayan gyaran kuma suna zube a gona da bola.

A Turai ma akwai jirgin wasa, sai dai nasu har manya masu furfura ke riƙe da shi. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jirgin wasa mai layi da ma'auni tsayayye tun 1891, Frank Hornby na Liverpool ya soma nasa a 1920. Ana ƙera tarago daidai da na gaske, an dai rage girmansa sau 87 ko sau 76, har da kujeru da tagogi da fitila a ciki. To amma ranar da irin wannan taragon ya faɗo daga tebur, ƙugiyar da ke haɗa shi da ɗan uwansa ta karye, mai shi ba shi da abin yi sai ya rubuta wa kamfani ya jira amsa. Idan kamfanin na da sauran wannan ɗan ƙarfen a ajiye, an dace. Idan an daina yin samfurin, ko kamfanin ya sauya hannu, sai ya sayi wani mataccen tarago ya ciro. Kuma kamfanonin suna sauya hannu: an sayar da na Hornby a 1964, daga baya aka kwashe aikin ƙirar daga Ingila zuwa ƙasar Sin, Märklin kuwa ya shiga hannun masu bin sa bashi a 2009 kafin wani kamfani ya saye shi. Ga mai kaya na tsada ya zama abin tausayi a gaban yaro mai gwangwani.

Mun kawo wannan ne domin tarihin jirgin ƙasa na Najeriya, idan aka bi shi ta ƙofar gareji maimakon ta ƙofar tasha, ya fi kama da halin mai jirgin Turai. Ana yawan ba da tarihin ta fuskar wa ya gina, wa ya buɗe, wa ya yanka kirtani. Mu ta fuskar gyara za mu bi.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. A lokacin layin dogo ya riga ya tashi daga Legas ya kai Badun tun 1901. A Arewa kuwa abin da Lugga ya soma shimfiɗawa ɗan siririn layi ne tsakanin Zungeru da bakin kogin Kaduna, don kwaso kayan gwamnati daga jirgin ruwa. Aikin gaske ya zo ne da Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya taɓa gina layin dogo a Sudan, aka kawo shi ya gaji Lugga a 1907. Shi ya tsaya kan layin da ya tashi daga Baro a bakin Kwara, ya biyo ta Minna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗa shi da na Legas ya zama abu ɗaya. Faɗin tsakanin ƙarafan layin ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. A riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Da hannun talakawa aka yi aikin. Ta hannun sarakuna da hakimai ake tara mutane, kowane gari da adadin da aka ɗora masa, a kai su su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando. Daga nan kalmar diga ta zauna a bakin Bahaushe, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙar da aka sani da Waƙar Diga kan wannan aiki. Duk marubucin da ke son sanin yadda zuwan jirgi ya kasance a idon wanda aka sa aikin, can ya kamata ya fara nema.

Namu rabon ya zo a makare. Reshen da ya tashi daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba don fasinja aka yi shi ba, auduga da gyaɗa aka biyo, shi ya sa injinan gurzar auduga suka tsaya a bakin layin. Gusau da Ƙaura a Lardin Sakkwato suke a wancan zamani, saboda haka a takarda lardinmu yana da jirgi. A ƙasa kuwa mutumin Bodinga ko Yabo ko Shagari da zai je Kaduna karatu, ko Zariya fatauci, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 200 daga birnin Sakkwato zuwa Gusau, a mota ko bisa dabba, kafin ya ga hayaƙin jirgi. A shekarar da layin ya kai Ƙaura kasuwar duniya ta karye, farashin amfanin gona ya faɗi, kuɗin gina sababbin layuka ya ƙafe. An ƙarasa na Nguru a 1930 da gadar Makurɗi a 1932, daga nan ba a sake wani babban aiki ba sai layin Barno da aka soma a 1958 aka gama a 1964. Kan jirgi ya tsaya a Ƙaura, yana nan tsaye. Da aka yanke Zamfara a 1996, ko jirgin takardar ma ya bar hannunmu. Simintin Kalambaina tun da aka fara yin sa a kan tayar mota yake fita.

To yanzu mu shiga gareji.

Taragon fasinja na zamanin Turawa gida ne na katako da aka ɗora kan shasin ƙarfe. A ƙarƙashinsa gaba da baya akwai ƙafafu, kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta kada ta zame daga layi. Inda sandar ƙafafun ke juyawa akwai akwati mai tagulla da tsumma jiƙe da mai. Idan man ya ƙafe, wurin ya yi zafi har ya yi hayaƙi, wani lokaci ya kama wuta. Birkinsa dunƙulen ƙarfen zubi ne da ke matse ƙafar, yana cinyewa a hankali kamar yadda sabulu ke ƙarewa. Duk wanda ya dubi wannan jerin zai ga cewa mafi yawansa aikin kafinta ne da maƙeri da mai zubi. Katakon da ya ruɓe a cire a sa sabo, ga itace a dazukan Kudu. Birkin da ya cinye a narka ƙarfe a zuba wani. Ƙafar da leɓenta ya zaizaye a ɗora ta kan injin gurzar ƙarfe a fitar mata da sabon baki. Wannan shi ne aikin babban garejin Ebute Metta a Legas, da na Inugu, da na Zariya, ga kuma ƙananan wuraren duba kan jirgi a manyan tashoshi, waɗanda har yau sunansu na loko bai ɓace daga bakin mutane ba.

Garejin nan makaranta ce. Yaro ya shiga yana share ƙasa, ya yi shekaru a ƙarƙashin ubangida, ya fito ya iya auna ƙarfe da gurza shi daidai. Kafin a buɗe kwalejojin fasaha irin waɗanda muka yi, reluwe ce babbar mai horar da masu aikin hannu a ƙasar nan. Michael Imoudu, wanda ya ja ragamar yajin aikin gama-gari na 1945 da ya wuce kwana 40, daga cikin masu gurzar ƙarfe na reluwe ya fito. Gwamnatin Turawa ta ji yajin ne a jikinta saboda waɗanda suka ajiye aiki su ne masu sa ƙafar jirgi ta juya.

Amma kada mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Abin da garejin ke yi gyara ne. Kan jirgin kansa, da shasi, da ƙafafu, da tukunyar tururi, mafi yawansu daga Ingila suke zuwa. Kuma ba kai tsaye ake sayen su ba. Akwai wani ofishi a Landan, Crown Agents, wanda duk sayayyar gwamnatocin ƙasashen da Ingila ke mulka ke bi ta hannunsa. Injiniya a Legas ya rubuta abin da yake so, takarda ta hau jirgin ruwa, ofishin ya nemi kamfani, kamfani ya ƙera, kaya su hau jirgin ruwa su dawo. A lokacin zaman lafiya tsarin yana tafiya, ko da a hankali, domin kamfanonin ƙasa ɗaya ne, ma'auninsu ɗaya, noti ɗaya ke shiga wurare da yawa. Ranar da hanyar ta toshe aka ga inda gizo ke saƙa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya toshe ta. Daga 1939 zuwa 1945 masana'antun Ingila sun koma ƙera makamai, teku kuma ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali. A daidai lokacin aka ɗora wa jirgin Najeriya kayan da ya fi ƙarfinsa: soja, kuza daga Jos, gyaɗa, kwal. Aka yi ta aiki da injinan ba hutu ba sababbin kayan gyara, ana ɗinki kan ɗinki. Da yaƙi ya ƙare, kamfanonin Ingila suka cika da odar ƙasarsu da ta sauran duniya, Najeriya ta shiga layi tana jira.

A nan ne za mu faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda muke sawa a waƙa da bangon littafi a matsayin alamar arziki, tana da fuska ta biyu. Gaskiya ne manomi ya noma, gaskiya ne irin su Alhassan Ɗantata sun saya sun tara. Amma dalilin da ya sa buhuna suka yi ta taruwa bayan yaƙi har na bana ya tarar da na bara shi ne jirgi ya kasa kwashewa. Babu isassun kawunan jirgi masu lafiya, babu isassun taragai. Ƙwari suka shiga gyaɗar, maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, inda ake kukan ƙarancin man girki alhali ga gyaɗa jibge a Kano. Tsayin dala a waɗannan shekaru ma'auni ne na noma, kuma ma'auni ne na tsawon jiran kayan gyara. Sai daga wajen 1948, da sababbin kawunan jirgi da aka raɗa wa sunayen koguna suka fara isowa daga kamfanonin Vulcan Foundry da North British, abin ya soma sauƙi.

A 1955, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ministan sufuri, aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta. A shekarar ne kuma kawunan jirgi masu amfani da man dizal suka fara shigowa, guda 10 daga kamfanin English Electric. Ta fuskar aiki ci gaba ne babu musu. Mai tururi sai an jawo masa kwal tun daga Inugu, sai an tanadar masa ruwa a kowace tasha, abin da ke da wuya a Arewa da rani. Mai dizal a zuba mai ya kama hanya. Ta fuskar gyara kuwa an sauya ciniki ne ba a lura ba. Kan jirgi mai tururi, duk girmansa, tukunya ce da bututu da sanduna, maƙeri mai kayan aiki zai iya ƙera da yawa daga cikin sassansa. Mai dizal inji ne da ke juya janareta, janareta ta ba motocin lantarki da ke ƙafafu wuta. Famfon mansa da allurar da ke fesa man an ƙera su da ma'aunin da ya fi silin gashi siranta. Irin wannan ba a zuba shi a Ebute Metta. Sai wanda ya ƙera.

Sai kuma aka ƙara wa ciwon gishiri da yawan masu ƙirar. Bayan 'yancin kai kowace gwamnati ta sayo daga inda ta samu bashi ko rangwame. Aka kawo na General Motors da General Electric daga Amurka, aka kawo na Montreal Locomotive Works daga Kanada, aka kawo daga Jamus, daga baya daga Koriya, daga baya daga Sin. Kowanne da irin notinsa, da irin borisinsa, da littafin gyaransa. Wasu da inci aka auna su, wasu da milimita. Duk bakaniken da ya taɓa riƙe gareji ya san bambancin mai motoci goma iri ɗaya da mai motoci goma iri goma: na farko ɗaki ɗaya na kayan gyara ya ishe shi, na biyu sai ya buɗe kasuwa.

Kamfanonin su ma ba dawwama suke ba. North British ya rushe a 1962. English Electric ya narke cikin kamfanin GEC a 1968. Bombardier ya saye na Montreal a 1975. Kan jirgi ana sa ran ya yi shekara 30 ko fiye yana aiki, sau da yawa ya fi kamfanin da ya haife shi tsawon rai. Wanda ya gaji kamfanin zai iya ci gaba da yin kayan gyaran, zai iya cewa ba riba ya daina, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ana cikin haka rikicin 1966 ya zo. Dubban ma'aikatan reluwe 'yan Gabas, cikinsu da direbobi da kanikawa da suka yi shekaru suna aiki a Zariya da Kaduna da Kano da Gusau, suka bar Arewa, wasu ba su tsira da ransu ba. Kawunan jirgi da taragai masu yawa suka maƙale a Gabas, garejin Inugu da kwal ɗinta suka faɗa cikin yankin yaƙi. Ƙarfe ana iya sayo wani. Mutumin da ya yi shekara 20 yana sauraren ƙarar inji har ya san ciwonsa da kunne, ba a yin odarsa. A 1964 jirgin Najeriya ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11. A 1974 adadin ya sauko wajen miliyan 4. Kwalta da manyan motoci sun ci nasu kason, ba mu musa ba, amma fasinja ba ya gudun jirgin da ke zuwa kan lokaci.

Daga nan wata al'ada ta kafu wadda ita ce ta cinye taragai da kawunan jirgi fiye da hatsari. Inji ya tsaya saboda ƙaramin abu ɗaya, an rubuta oda, ana jira. Kafin kayan su iso wani injin ya tsaya, sai a je jikin na farko a ciro abin da na biyu ke bukata. Gobe a ciro wani. Ranar da kayan da aka yi oda suka iso, wanda aka yi odar dominsa ya zama ƙwarangwal. Haka taragon fasinja: a cire tagar wannan a sa wa wancan, a cire fanka, a cire kujera, a tura gangar jikin ƙarshen layi ciyawa ta rufe. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tashar Zariya ko Kaduna ya ga irin wannan maƙabarta. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, abin da ake sayowa da dala ya ninka kuɗi, ma'aikata kuma suna bin bashin albashi na watanni, sai al'adar ta zama ita ce tsarin.

Akwai kwatancin da muke ganin ya fi kowanne ciwo. A 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, a shekarar Indiya ta buɗe masana'antar ƙera taragon fasinja, Integral Coach Factory, a birnin Madras da ake kira Chennai yanzu. Su ma ba su iya ba a lokacin. Wani kamfanin Suwizalan suka ɗauko, amma yarjejeniyar ta koyar da ƙira ce: zane, da injinan ƙira, da horar da mutanensu. Taragan farko da sassan waje aka harhaɗa su, a hankali aka riƙa maye gurbin sassan da na gida. Ingila ce ta mulke su kamar yadda ta mulke mu, ita ta shimfiɗa musu layi kamar yadda ta shimfiɗa mana. Bayan shekara 24, a 1979, Najeriya ta miƙa ragamar hukumar jirginta ga kamfanin RITES na gwamnatin Indiya, suka riƙe har 1982, wato mafi yawan zamansu ya faɗo cikin mulkin ɗan ƙasarmu Alhaji Shehu Shagari. An shaidi jirage sun ɗan dawo hayyacinsu a lokacin, an gyara na gyarawa. Da kwangila ta ƙare suka tattara suka tafi, abin ya koma gidan jiya. Masana'antar Chennai kuwa ta kai ga fitar da tarago sama da 3,000 a shekara guda, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka taɓa sayen taragonta.

Kada a ce mun ɗauke wa namu laifi mun ɗora wa kamfanonin waje. Kamfani ciniki ya fito yi, abin da ka rubuta a yarjejeniya shi zai ba ka. Sayen sabo yana da biki, akwai hoton minista da almakashi, akwai kason da ke bi ta bayan fage. Sayen boris da man giris ba shi da biki, ba a gayyatar 'yan jarida. Shi ya sa kasafin sayen sabo ke fita, na gyara ya maƙale.

A ƙarshen 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta sa hannu da kamfanin CCECC na ƙasar Sin kan kwangilar dala miliyan 528, don gyara layi da kawo kawunan jirgi 50 da taragai. Kayan sun iso. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka bi sawun na gabansu, har jirgin Legas zuwa Kano ya daina tafiya ɗungurungum. An sake sayo wasu 25 daga General Electric a wajen 2010, aka sake gyara layin, jirgin Kano ya dawo a watan Disamba 2012.

Sai sabon babi. A watan Yuli 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, a 2021 aka buɗe na Legas zuwa Badun. Faɗinsu milimita 1,435 ne, ba 1,067 ba. Ma'ana taragon sabon layi ba zai taka tsohon layi ba, na tsoho ba zai taka sabo ba, kuma tsofaffin garejin da layukansu duk a kan tsohon ma'auni aka gina su. Sabon taragon ma wani abu ne daban: na'urar sanyaya ɗaki, birkin iska, allunan lantarki masu kwamfuta a ciki. Kafinta ba shi da abin yi a jikinsa. A watan Nuwamba 2020 sababbin kawunan jirgi suka yi ta mutuwa a daji tsakanin Abuja da Kaduna, fasinja suka yi sa'o'i a tsaye a hanyar da kowa ya san hatsarinta. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an kira Sinawan da suka ƙera su zo su duba tunda akwai garanti. Garanti abu ne mai kyau, amma yana da ranar ƙarewa, taragon kuma zai wuce ranar da shekaru masu yawa.

Don adalci, an ɗan motsa. An aza harsashin masana'antar harhaɗa taragai a Kajola ta jihar Ogun a 2019, aka buɗe ta a 2023. An kafa jami'ar sufuri a Daura, ga cibiyar fasahar sufuri ta Zariya da ke nan tun 1986, an kuma tura ɗalibai ƙasar Sin karatun aikin jirgi. Sai dai Kajola taragon kaya aka gina ta ta harhaɗa, ba na fasinja ba, kuma harhaɗawa daban ƙira daban. Indiya ma da harhaɗawa ta fara, saboda haka ba za mu yanke hukunci yanzu ba. Abin dubawa shi ne ko adadin sassan da ake yi a gida yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ko kuwa akwatuna ne ke zuwa daga teku a kwance a ɗaure.

Yanzu ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya a kan sabon ma'auni. Duk lokacin zaɓe kuma sai an tayar da maganar kawo jirgi Sakkwato har Illela. Mu ma muna so, manoman albasa da masu fataucin shanu sun fi mu so. Amma tsohon layin da ya fi kusa da mu, na Ƙaura, ƙaramin ma'auni ne, sabon da ake ginawa babba ne, ɗaya ba ya hawa ɗaya. Idan ɗan takara ya zo da alkawarin, bayan tafi akwai tambayar wane ma'auni, a ina garejin zai zauna, kayan gyaran shekara nawa aka rubuta cikin kwangila, kuma 'ya'yan wa za a koya wa buɗe injin.

Ku kuma masu rubuta labari, mun karanta littattafai da yawa inda jarumi ke sauka daga jirgin sama ya shiga mota mai baƙin gilashi. Ba mu cika cin karo da bakaniken loko ba, ko mai duba ƙafafun tarago da ke bin jirgi da guduma yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa, yana gane mai tsaga daga amon da ta bayar. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan a Gusau da Ƙaura da Sabon Garin Zariya, suna jiran fansho, kuma kowace shekara suna raguwa. Daga tashar motar Sakkwato zuwa Gusau tafiyar yini ɗaya ce har da dawowa idan hanya ta yi kyau. A tafi da littafi da biro, a fara da tambayarsu sunan da suke kiran kowane ƙarfe da Hausa.